Sitefila da Danginta: Yadda Ake Sa Waya Ta Lanƙwashe Inda Ake So

Duk mai aiki a shagon fotokwafi, ko ofis, ko maɗaba'a, ko wurin ɗinkin kujera, da waya yake ɗaure kayansa kullum, ko ya lura ko bai lura ba. Fin ɗin sitefila guntuwar waya ce da aka yanka, aka lanƙwasa bakinta biyu suka zama ƙafafu. Abin da ake nema a wurin wannan guntuwar waya kuwa abu biyu ne da ba sa ga maciji da juna. Da farko ana so ta tsaya ƙyam ta huda takarda ba tare da ta rusuna ba. Da ta ɓulla ta ɗaya gefen kuma, sai a so ta saki jiki ta kwanta, ta riƙe abin da ta huda. Duk ƙarafan da ke cikin sitefila, tun daga sifirin har ɗan farantin ƙasa, an tsara su ne don wayar ta yi aikin farko a kan kari, ta yi na biyu a inda ya dace. Wanda ya fahimci haka zai daina jefar da sitefila mai lafiya, zai kuma daina dukanta da tafin hannu yana zaton ƙarfi ne ya gaza.

Mu fara da wayar. Ɓalle fin guda ɗaya daga jere ka mirza shi tsakanin yatsunka, za ka ji yana da gefe. Asalin wayar mulmulalliya ce, amma an bi ta kanta da abin dannewa har ta ɗan baje. Wannan bajewar tana da amfani uku: tana ba gam wurin kamawa don fin ya jeru da 'yan'uwansa, tana ba harshen sitefila, wato ƙarfen da ke tura fin ƙasa, shimfiɗaɗɗen wurin da zai danna, tana kuma sa ƙafar ta fi son lanƙwashewa ciki ko waje a kan ta karkata gaba ko baya. Bakin kowace ƙafa an yanke shi a kaikaice ya yi tsini. Ƙarfen da kansa sai an daidaita taurinsa. In ya cika laushi, zai durƙushe a kan takarda kafin ya shiga. In ya cika tauri, zai huda lafiya amma ya ƙi kwanciya, ko ya karye a gwiwa. Akasarin fin ɗin ofis an shafe shi da tutiya don ya jinkirta tsatsa, kuma a nan ne mai araha ya fi ha'intar mutum, domin shafen ba ya daɗewa.

Lambobin da ke jikin kwalin fin su ne abin da mutane suka fi rainawa, alhali rabin matsalar sitefila daga nan take. In ka ga 24/6, lambar farko kaurin waya ce, ta biyu kuma tsawon ƙafa a milimita. Lissafin kaurin a juye yake: duk lokacin da lambar ta yi ƙasa, wayar ta fi kauri. Don haka 24 ya fi 26 kauri, 23 kuma ya fi su duka. Yawancin sitefilar tebur tana cin 24/6 da 26/6. Ƙaramar ta aljihu tana cin lamba 10, wanda gadon bayansa, wato ɓangaren da ya haɗa ƙafafun biyu, ya fi ƙunci, ƙafarsa kuma ta fi gajarta. Babbar mai dogon hannu ita ke cin dangin 23, daga 23/8, 23/10, 23/13, har zuwa 23/24.

Ga yadda za ka zaɓi tsawon ƙafa ba da ka ba. Takardar fotokwafi mai nauyin giram 80, kaurin falle ɗaya kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, shi ya sa rim guda mai falle 500 yake kai wajen santimita 5. Ke nan falle goma milimita ɗaya ne. Ƙafar fin tana bukatar rarar kusan milimita 3 bayan ta ɓulla, domin da wannan rarar za ta kwanta. Falle 25 milimita biyu da rabi ne, ka ƙara uku, ƙafar milimita 6 ta isa. Falle 60 milimita 6 ne, sai ka nemi 23/10. Falle 100 kuwa sai 23/13. In takardar ta fi kauri, ko akwai bango na kati, matse tulin da yatsu ka auna da rula, ka ƙara ukun nan.

Me ya sa ba a yi doguwar ƙafa da siririyar waya? Ɗauki tsinken tsintsiya gajere ka soka shi a sabulu, zai shiga. Ɗauki dogo ka danna daga can samansa, zai yi baka kafin ya shiga. Injiniyoyi suna da lissafin wannan: in tsawon da ba shi da madogara ya ninka sau biyu, nauyin da zai iya ɗauka kafin ya tanƙware yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka ne doguwar ƙafa take zuwa da waya mai kauri. Saboda haka ne kuma mai ƙera sitefila yake kashe mafi yawan dabararsa wajen hana wayar samun fili.

Buɗe sitefilarka ka duba da kyau. Akwai doguwar kwata inda jerin fin yake kwanciya, faɗinta daidai da gadon bayan fin, ba ragi ba ƙari. A bayan jeren akwai ɗan ƙarfe ko roba da sifirin ke turawa, aikinsa ya matsa jeren har fin na gaba ya jingina da bangon gaba. A jikin murfi akwai harshe, wani siririn ƙarfe mai tauri da ke kallon ƙasa. A bakin kwatar, ta ƙasa, akwai tsaga. Wannan tsagar ita ce zuciyar na'urar. Faɗinta na fin ɗaya ne tak. Idan ka danna, kan sitefila yana fara sauka ya matse takardar, sannan harshe ya sauko ya yanke fin na gaba daga gam ɗin da ya haɗa shi da jere, ya tura shi cikin tsagar. Yana sauka bango na tare shi ta gaba, sauran jeren na tare shi ta baya, gefen kwata na tare ƙafafunsa hagu da dama. Ba shi da inda zai bi sai ƙasa. Da bakin ƙafar ya shiga takarda, takardar ce ke karɓar aikin riƙon. In ka lura, babu lokacin da aka bar wayar ita kaɗai a sarari, sai fa in mutum ya riƙe sitefilar a karkace, ko kanta bai zauna a kan takarda ba.

Jerin fin mai gam da muke ɗauka kamar abin da aka halitta da sitefila, daga baya ya zo. Injinan farko guda-guda ake sa musu. George McGill na Amurka ya sami takardar mallakar fasaha a 1866 a kan wani maɗaurin tagulla da ake lanƙwasawa, a 1879 kuma ya fito da na'urar da ke ɗaure fin da dannawa ɗaya, amma kowane ɗauri sai an sake ɗura mata ƙwaya ɗaya da hannu. Sai a shekarun 1920 jeren da aka manne da gam ya bazu, kuma shi ya mayar da sitefila abin da yaro ma zai iya sarrafawa.

Yanzu ga farantin ƙasa, inda lanƙwasar take faruwa. Henry Heyl na birnin Philadelphia shi ake jingina wa na'urar farko da ta haɗa hudawa da lanƙwasawa a bugu ɗaya, a 1877, kuma har yau dabarar ba ta canza sosai ba. Sa farcenka a cikin gurbin farantin ka bi shi. Za ka ji gurabe biyu ne, kowanne yana gangarawa da sauri daga gefen waje, sannan ya hau a hankali zuwa tsakiya. Bakin ƙafa yana dira a kan gangaren nan, ba ya samun wurin tsayawa, sai ya zame zuwa ciki. Harshe na ci gaba da turowa daga sama, gurbin na ci gaba da juya bakin wayar, har ta yi baka ta dawo tana taɓa bayan takarda. Wannan ɗan dawowar sama da gangan ne. Ƙarfe in an lanƙwasa shi yakan ɗan sake komawa baya da an sake shi, don haka sai an wuce da shi inda ake so kaɗan kafin ya tsaya daidai.

A sitefila da yawa farantin yana juyawa. Tura shi daga ƙasa da yatsa, ka juya shi, za ka sami wasu gurabe biyu da ke nesa da juna, masu tura ƙafafu waje. Wannan ɗaurin wucin gadi ne, na takardun da za a raba an jima, domin fin ɗin yana zarewa da hannu ba tare da ya yaga takarda ba. Mutane da yawa sun shekara da sitefila ba su san da shi ba. Wasu kuma farantin ya juye musu bisa kuskure, suka ɗauka ta lalace.

Akwai wata ƙira da ta fi dacewa da masu tara fayil. A cikinta ƙafafu suna wucewa a miƙe har ƙarshe, sai daga baya wani ƙarfe ya kwantar da su shamal a bayan takarda. Ba ta barin tudun nan da ke sa kusurwa ɗaya ta fayil ta kumbura ta fi sauran. Tana da tsada kaɗan, amma ga ofishin da ke ɗaure takardu ɗaruruwa a mako, ni ina ganin ta cancanci kuɗinta.

Hanya mafi sauƙi ta gane ciwon sitefila ita ce ka juya takardar ka karanta bayan fin ɗin. In ƙafafun sun ɗan leƙo kawai ba su kwanta ba, takarda ta yi wa fin yawa. In sun hau kan juna, ko sun zagayo sun sake huda takardar ta gaba, ƙafar ta yi tsawo, abin da yakan faru in an sa falle biyar a babbar sitefila. In ƙafa ɗaya ta kwanta ɗaya ta miƙe ko ta fita waje, kan sitefila da faranti sun saɓa: ko ƙusar baya da take juyawa a kai ta yi sako-sako, ko sitefilar ta faɗi ta karkace, ko farantin bai koma mazauninsa ba. In gadon bayan fin ya lotsa a tsakiya ya cukurkuɗe a saman takarda, ƙafafu ne suka kasa shiga, kuma laifin ko na waya mai laushi ne ko na kaurin tuli. In fin biyu suna fitowa tare su cije, tsagar ta buɗe fiye da kima, ko an sa fin da ya yi mata siriri. In ka danna ba abin da ya fito alhali akwai fin, sifirin mai turawa ya gaji, ko ƙura da tsatsa sun riƙe jeren. Gutsattsarin jere da ake tarawa a cusa don kada a yi asara su ma suna kawo wannan, domin ɗan guntu mai fin uku ko huɗu yakan kwanta a karkace.

Wajen cire fin da ya maƙale ne aka fi kashe sitefila. Mutum ya ɗauko sukundireba ya zura a tsagar ya banƙara. Fin ya fita, amma tsagar da aka auna da kaurin waya ɗaya ta buɗe, daga ranar kuma bibbiyu za ta riƙa ci. Abin da ya dace shi ne ka buɗe murfi, ka zare jeren gaba ɗaya, ka kama maƙalallen da filaya mai siririn baki ka jawo shi ta inda ya fi fitowa. Ka hure ƙurar kwatar, musamman a lokacin hunturu. Ɗigon mai ɗaya a ƙusar baya ya isa, kada ka zuba a kwata, don zai bi fin ya ɓata takarda. Kwalin fin kuma a ajiye shi a gwangwani mai murfi in damina ta kama.

Ɗaurin tsakiya ya cancanci a tsaya a kansa, domin da shi ake ɗaure littafin rubutu na 'yan makaranta, da ƙasidun taro, da littattafan hikaya da suka cika kasuwannin Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980, waɗanda akan raba labari ɗaya kashi biyu ko uku, kowane kashi siririn littafi mai waya biyu a gadon baya. Kowane falle da aka ninka yana ba da shafi huɗu, don haka adadin shafukan dole ya rabu da huɗu. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, tsakiyarta na nan a 148.5 daga baki, sitefilar tebur kuwa maƙogwaronta ba ya kai can. Sai mai dogon wuya, wadda ke da ɗan ƙarfen tsayarwa da za ka saita sau ɗaya kowane littafi ya faɗa wuri guda. Fara ninka fallayen ka goge ninkin da kyau don layin ya fito. Shimfiɗa su bango na sama, domin gadon bayan fin a waje yake zama, ƙafafu a ciki. Sa fin biyu a kan layin, kowanne kusan santimita 5 daga baki, kuma ya kwanta tare da layin, kada ya gitta shi. Fin da ya kauce wa layi da milimita ɗaya ma yana hana littafi rufuwa daidai.

In ba ka da mai dogon wuya, buɗe ta tebur ta miƙe gaba ɗaya, ka sa kwali mai kauri ko kilina a ƙarƙashin layin, ka danna. Ƙafafun za su nutse a kwalin a miƙe. Ɗaga littafin, ka kwantar da su zuwa ciki da bayan cokali ko gefen rula, sau ɗaya kawai, domin waya in aka kai ta aka dawo da ita tana ƙara tauri a gwiwa ta karye. Ka sani kuma fallayen ciki za su ɗan turo baki fiye da na waje, kuma turowar tana ƙaruwa da yawan fallaye, don haka sai an datse bakin bayan ɗauri. In littafi ya haura shafi 60 da wani abu a takarda mai kauri, ya fara ƙin kwanciya, gara a koma ɗinkin zare ko gam.

Manyan maɗaba'u ba sa sayen fin. Injinsu yana jan waya daga ƙunshi, ya yanke gwargwadon bukata, ya lanƙwasa ta a kan wani ɗan ƙarfe ta zama fin, ya tura ta, wasu 'yan fikafikai biyu daga ƙasa su taso su kwantar da ƙafafun, duk a zagaye ɗaya. Fa'idarsa ita ce mai inji ne ke saita tsawon ƙafa daidai da kaurin littafin da ke gabansa.

Wata shawara da nake so ta shiga kunne: takardar fili, da shaidar karatu, da duk abin da za a ajiye shekaru, kada a bar fin a jikinsu. Duba tsohon littafi ka ga yadda tsatsa ke cin zagayen wayar har fallen tsakiya ya faɗo. Wajen cirewa, fara ɗaga ƙafafun ta baya su miƙe, sannan ka zare ta gaba.

Bindigar fin ta masu kujera ba ta da faranti ko kaɗan, katako ne ke riƙe ƙafafun. Ta hannu tana tara ƙarfi a wani sifirin mai tauri yayin da kake matsa mariƙi, sai ta sake shi gaba ɗaya, ta kwamfuresa kuma iska ce ke buga harshen. Gudun ne ke sa siririyar waya shiga katako kafin ta sami damar tanƙwarewa. Don haka dole bakin bindigar ya zauna daram a kan katako, in da hali ka danne kanta da ɗaya hannun, in ba haka ba za ta yi tsalle ta bar fin a tsaye rabi a waje. Ga yadi a kan katako mai tauri, ƙafar milimita 6 zuwa 8 ta isa. Katako mai laushi ko yadi mai ninki yana son 10 ko fiye. Gadon bayan fin shi ke riƙe yadin, saboda haka in iska ta yi yawa har ya nutse, zai yanke zaren da aka sa shi ya riƙe. Ka ɗan kaikaita bindigar don ƙafafu biyu kada su faɗa kan jijiyar katako ɗaya su tsaga shi. Wajen jan yadi, kama tsakiyar gefe ɗaya, ka ja ka kama tsakiyar wanda ke fuskantarsa, haka sauran biyun, sannan ka bi zuwa kusurwa. Akwai fin da aka yanke bakin ƙafafunsa a saɓe, ɗaya ta nan ɗaya ta can, don in sun shiga katako su rabu su ƙi zaruwa. In bindigar iska ta cije, cire tiyo kafin ka kai hannu bakinta, kada kuma ka taɓa nuna ta ga mutum ko da wasa.

Sauran dangin kowa da yadda ya warware matsalar faranti. Na'urar rufe kwali ba ta iya sa komai a ƙarƙashi tunda kwalin a rufe yake, sai aka yi mata farata biyu da ke huda kwalin daga sama, su kamo ƙafafun daga ciki su lanƙwasa, su koma. Filayar zobe, wadda ake haɗa ragar kejin kaji da rigar kujerar mota da ita, bakinta na da gurbi da ke riƙe buɗaɗɗen zoben don ya rufu a da'ira maimakon ya murɗe. Har a ɗakin tiyata dabarar ta shiga. Likita Hümér Hültl na birnin Budapest ya fito da na'urar ɗinke hanji da ciki da waya a 1908, nauyinta ya haura kilo uku da rabi. Siffar da fin ɗinsa ke ɗauka bayan lanƙwasa, mai kama da harafin B, ita ake bi har yau, domin tana haɗa nama ba tare da ta toshe ƙananan hanyoyin jinin da rauni ke bukata don ya warke ba.

In za ka sayi sitefila, tafi da takardarka. Kama kanta ka girgiza hagu da dama: in tana wasa sosai a kan ƙusar baya, ajiye ta, don ƙafafun ba za su riƙa dira a gurbinsu ba. Duba ko kwatar da farantin ƙarfe ne mai kauri, domin roba a waje ba laifi ba ce, amma a waɗannan wurare biyu ba ta jurewa. Karanta lambar fin da aka rubuta a jikinta ko a kwalinta, ka tabbatar ana samunsa a kasuwar garinku. Sannan ka ɗaure falle biyu, ka ɗaure ashirin, ka juya su duka ka duba: ƙafafun su kwanta daidai da juna, bakinsu na fuskantar juna, da ɗan tazara a tsakani.